Misalin Hussaina

Malam Badaruddeen yana da wata ɗabi'a da ba ya fashinta. Kowace safiya in ya taso daga Dutsin-Ma a kan tsohon babur ɗinsa, ba ya karya kwana ya shiga hanyar daji sai ya tsaya a teburin Ikrima mai shayi a Kurfi, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ce, "Ya hanya?" Ikrima ko ɗago kai ba ya yi daga kaskon ƙwai. Wata rana ya ce, "An ce lafiya lau." Wata rana ya ce, "An ce a dakata sai rana ta ɗaga." Wa ya ce? Ba wanda ya taɓa tambaya. 'Yan acaɓa masu ɗauko matan nono daga rugage ne ke zuwa da maganar, su ma wai ji suka yi. Abin da kowa ya sani shi ne maganar ba ta taɓa tashi a banza ba. Ranar da wani mai kai wake kasuwa ya yi kunnen ƙashi ya wuce, babur ɗinsa kaɗai aka tsinta kwance cikin dawa.

Turanci yake koyarwa a wata 'yar sakandare a yankin Barkiya. Mutumin kirki ne, ba ya duka, ba ya fashin aiki, amma yana da ciwon da yawancin malaman Turanci ke da shi, wato son a ce ya iya. In ɗalibi ya haɗa jimla guda ba tuntuɓe, sai ka ga Malam yana gyara zaman hula kamar shi aka yaba.

A damunar da wannan abu ya faru, gero da dawa sun riga sun fi mutum tsawo, lokacin da kowa ke bin hanya yana waige. Darasin satin shi ne rubuta ra'ayi, kuma tambayar da ke cikin manhaja ita ce: shin ya dace a bar ɗalibai su zo makaranta da waya? Malam ya karanta ya yi dariya shi kaɗai. Ajin da rabinsa ba su da takalmi ake tambaya zancen waya. Ya ce duk wanda ake da waya a gidansu ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi nan da can. Hussaina, yarinyar rugar da ke bayan gari, wadda ke zama a kujerar ƙarshe kusa da taga, ba ta ɗaga ba, ta dai ci gaba da kallon tebur.

Ya koya musu yadda yake koyarwa kullum. Ra'ayi, in ji shi, kamar tukunya ne a kan duwatsun murhu. Dutse na farko abin da ka yarda da shi, na biyu dalilinka, na uku misali. Sannan ya raba ajin biyu: layin taga su goyi bayan waya, layin ƙofa su ƙi.

"Malam, ni hwa ba ra'ayina ba ne," in ji wani daga layin ƙofa. "Ni ina son waya."

"Mai duba jarrabawa bai san ka ba, bai san abin da kake so ba," Malam ya ce. "Turancinka yake nema."

"To in mutum ba shi da misali hwa?" Wannan Sumayya ce, 'yar Mamuda shugaban 'yan sa-kai na garin, yarinya mai bakin tsiya da kowa ke shakka.

"Ki ƙirƙiro! Ba wanda zai taso daga Katsina ya zo bincike. Ki ce maƙwabcinku, ki ce baffanki, ki sa masa suna, a ji kamar gaske."

Suka ƙirƙiro kuwa, har suka wuce gona da iri. A cikin aji guda waya ta kashe mutum uku, ta ƙone gida biyu, ta kuma ceci mata masu naƙuda da ba su ƙirguwa. Da aka zo karantawa a gaban aji, Malam ya fito da tasa wayar yana ɗaukar muryar waɗanda suka yi ƙoƙari. Hussaina ce ta ba shi mamaki. Yarinyar da ba ta cika buɗe baki ba ta miƙe da takardarta a hannu, ta karanta da Turancinta mai tsayawa yana hutawa. Ta ce a ganinta ya kamata a bar ɗalibi da waya, domin hanya ba ta da aminci. Misali, yayanta Yero yana kiwo a daji, in ya hangi masu bindiga sai ya kira gida ya faɗi hanyar da suka bi. Da tana da waya a makaranta, da zai gaya mata ta zauna ko ta gudu.

Malam ya sa aka tafa mata. Ga yarinyar da ko waya babu a gidansu, amma ta ƙera misali ya zauna daram. Da yamma yana shan shayi a Dutsin-Ma ya tura muryar cikin zauren malamai na waya, ya rubuta a ƙasa cewa ga abin da 'ya'yan ƙauye ke iyawa in sun sami malami. Aka yi ta aiko masa da yabo, ya yi ta karantawa yana murmushi.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da hantsi, yana tsakiyar darasi wata dattijuwa ta tsaya a ƙofar aji. Ba takalmi a ƙafarta, ɗankwalinta ya karkace, tana haki. Ya gane ta, Gogo ce mai nono, ƙanwar mahaifin Hussaina, wadda ta riƙe su ita da yayanta tun rasuwar iyayensu. Sai a lokacin ya lura kujerar ƙarshe ba kowa.

"Kai ne malamin Turanci?"

"Ni ne, Gogo. Lafiya?"

"Ina lafiya? Muryar ɗiyata ce ke yawo cikin wayoyin mutane. Wani ya juya musu da Hausa, wai ta tona asirin yayanta. 'Yan sa-kai sun kama Yero a mashaya, sun ɗaure shi. Sun ce ɗan leƙen asirin mutanen daji ne."

Allin da ke hannunsa ya faɗi. Ba sai an yi masa bayani ba. Ya san abin da ake yi wa wanda aka laƙaba wa wannan suna a ƙasar nan. Ba a kai shi Kurfi, ba a kai shi gaban alƙali. A kan wuce da shi bayan gari, a dawo ba shi, kuma ba mai tambaya.

Ya fara tunanin da ya ji kunyarsa daga baya: babur ɗinsa na nan gindin bishiyar maina, man da ke ciki zai kai shi Dutsin-Ma. Amma Gogo tana tsaye ta kafa masa ido, ajin duka ya yi tsit yana kallonsa. Ya ce wa ɗalibai kada kowa ya fita, ya bi ta a ƙafa.

Rumfar 'yan sa-kai tana bayan kasuwa, gindin wata tsamiya. Tun daga nesa ya ga taro, amma ba hayaniya, shirun ne ma ya fi tsorata shi. Yero yana zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar shanunsa. Saurayi ne siriri, leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya rufe. Hussaina tana durƙushe a gefe da kayan makaranta, ta yi kuka har ta gaji. Mutum goma sha wani abu ne tsaye da bindigogin toka da adduna, kowa rigarsa cike da layu. Mamuda na zaune kan benci. Ba azzalumi ba ne a idon garin, shi ne mutumin da ya binne ƙannensa biyu a rana ɗaya bara, tun daga ranar kuma ba a sake ganin haƙorinsa ba.

Malam ya yi sallama.

"Malam, ka kyauta da ka zo," in ji Mamuda. "Da ma kai za mu aika wa. Ka ji wagga murya, ka hwaɗa mana da bakinka mi ta ce. Kada a ce mun zalunci wani."

Aka kunna. Muryar Hussaina ta tashi daga wata fasasshiyar waya, har da tafin da aka yi mata a ƙarshe, har da muryar Malam yana cewa madalla. Ya so ƙasa ta tsage. Ya yi tunanin ya karkatar da fassarar, sai ya hangi wani matashi mai tabarau a bayan benci yana jira, ya san shi ne ya fara juya musu. Ya fassara daidai, kalma bayan kalma, yana jin kamar shi ke ƙara ɗaure igiyar.

"To ka ji," Mamuda ya ce a hankali. "Wanda ya san hanyar da suke bi, nasu ne. Mu da ke kwana muna gadi ba mu sani ba, shi ina ya sani? Mun caje shi ba mu ga waya ba. Mun birkice rugar ba mu gani ba. Shi hwaɗa mana inda ya ɓoye ta, da wanda yake kira."

"Kwamanda, don Allah a saurare ni. Ba gaskiya ba ce. Babu wata waya."

"Ita ɗiyar, ƙarya ta yi wa yayanta?"

"Ni na sa ta. Darasi ne. Na raba aji biyu, na ce waɗannan su so waya, waɗancan su ƙi, ko da ba ra'ayinsu ba ne. Na ce wanda ba shi da misali ya ƙirƙiro."

Wani dogo mai adda a kafaɗa ya yi tsaki. Tukur ne, ƙanen Mamuda, shi kaɗai ya rage masa. "Ji wani zance! Mutum shi zauna shi rubuta abin da bai yarda da shi ba? Kuma shi sa sunan ɗan'uwanshi? Yaya, wanga malami da su yake. Kullum shi kaɗai yake bin hanyar nan, ba a taɓa tare shi ba."

Kawuna suka juyo. Ashe haka abin yake, magana ɗaya ce tsakanin mai tsaye da wanda ke ɗaure. Malam ya tuna matarsa da ya baro tana wanke wa yaro fuska. Yana kallon Tukur, yana kallon addar, sai sunan ya faɗo masa a rai. Tukur. Ya taɓa jin sunan nan a aji, cikin Turanci.

"Kwamanda," ya ce, "a kira Sumayya. 'Yarka. Ita ma ta yi darasin. A kira ta ta faɗi abin da ta rubuta, da bakinta, ba da nawa ba."

Mamuda ya ɗaga wa wani hannu ya je ya kira ta. Jiran da aka yi bai kai a dafa shayi ba, amma Malam ya karanta duk addu'ar da ya sani, wasu ma ya maimaita. In yarinyar ta tsorata ta musa fa? Yero bai ɗago kai ba, ƙudaje suna ta sauka a leɓensa.

Sumayya ta iso, duk tsiwar nan ta gudu. Malam ya nemo muryarta a wayarsa, ya kunna, ya miƙa wa mai tabarau don ya zama shaida. Da ta ƙare, mai tabarau ya rufe baki da hannu.

"Mi kika ce a nan?" in ji Mamuda.

"Baba, Malam ne ya ce..."

"Ban tambaye ki Malam ba."

Ta sunkuyar da kai. "Na ce waya ba ta da kyau. Na ce misali, Baffa Tukur ya kwanta da waya tana caji ƙarƙashin matashi, ta fashe."

"Sai mi?"

"Sai ya rasu."

Tukur ya buɗe baki, ya dubi ƙirjinsa, ya dubi yarinyar. "Ni? Ni na rasu?"

"Har na ce an yi sadakar uku," ta ce cikin kuka.

Wani daga baya ya kasa riƙewa, ya fashe da dariya, sai ta bi taron kamar wutar kara. Wani ya ce wa Tukur Allah ya ji ƙansa, wani ya tambaye shi ya ya baro mutanen can. Shi kansa Tukur ya sauke addar yana salati yana girgiza kai. Malam bai yi dariya ba, don ya ga Mamuda bai yi ba.

"Wato abin da kake koya ma ɗiyanmu ke nan," in ji Mamuda da dariyar ta lafa. "Mu tura su neman ilimi, kai ka koya musu kashe iyayensu a takarda."

"Na yi kuskure, Kwamanda."

"Tawa ɗiyar ta yi ƙarya, na gani. Wannan bai nuna waccan ta yi ba." Ya juya ga Hussaina. "Ke. Ƙirƙira kika yi?"

Hussaina ta ɗago kai. Ta dubi yayanta, ta dubi ƙasa. Malam ya ga tsoro ya ɗaure mata harshe, sai ya yi wuf ya amsa a madadinta. Ya ce ranar da ya tambayi aji wa ke da waya a gida, ba ta ɗaga hannu ba, kuma Sumayya shaida ce. Sumayya ta gyaɗa kai.

"Ka rantse?"

"Wallahi tallahi ƙirƙira ta yi. Ni na sa ta."

"Ka tsaya mashi? In gobe aka gan shi da waya, ko aka ji wani abu, kai za mu nema. Mun san hanyar da kake bi."

Malam ya gyaɗa kai. "Na tsaya masa."

Mamuda ya ce a kwance yaron. Tukur ne da kansa ya warware igiyar, ya ajiye ta kusa da ƙafar Yero.

Yero bai iya tafiya ba, don haka Malam ya ɗauko babur ya goya shi zuwa ruga, Gogo da Hussaina suna biye a ƙafa. Bukkokin duk an birkice su, ƙoren nono a kife, tabarmi a waje. Ya taimaka aka kwantar da shi a inuwa. Da ya ga yana shan ruwa yana numfashi, sai wani daɗi ya sauko masa, har tsohon ciwon nan ya fara motsi, ya fara jin cewa ai dabararsa ce ta yi aiki. Ya juya zai yi wa Hussaina nasiha a kan ta riƙa lura da irin misalin da za ta ƙirƙira.

"Malam," ta riga shi, muryarta can ƙasa. "Ni ban iya ƙirƙira ba. Na zauna na yi ta tunani, ba abin da ya zo mani. Sai na rubuta wanda na sani."

Bai gane ba da farko. Ya dubi Gogo.

"Wayar Yero tana cikin kogon wata kuka, can inda yake kiwo," in ji Gogo, ba ta ko rage murya ba don gajiya. "Tawa tana cikin tulun da ba su duba ba. In ya ga masu bindiga da asuba sai shi kira ni, ni kau in gaya ma masu ɗaukar mu a babur, in ce ji na yi. Ba ya kiran kowa sai ni. Mun hana ta hwaɗa ma kowa, sai ta ɗauka in da Turanci ne ba mai ji."

Malam ya nemi wuri ya zauna a kan turmin da ke kife. Ya yi rantsuwa da sunan Allah a gaban jama'a a kan abin da ba haka yake ba. Ya jingina wuyansa. Kuma duk safiyar da ya sa ƙafa a ƙasa a teburin Ikrima ya ce ya hanya, wannan yaron mai fasasshen leɓe ne ke amsa masa.

"A koma a gaya musu," ya ce, shi kansa bai yarda da maganar ba. "A ce shi ne ke ceton mutane."

Yero ya buɗe idon da ke buɗuwa, ya yi magana karo na farko. "Malam, ka ga fuskokinsu. Za su yarda?" Ya yi nishi. "In kuma labari ya kai daji cewa ni ne ke hwaɗa, su waɗancan ba su kiran shaida."

Gogo ta tashi ta shiga bukka, ta fito da wata 'yar baƙar waya mai madannai, ɗaure da roba. Ta ce Malam ya ɗaga mata turmin. Yana tsaye yana kallo ta jefa ta ciki, ta ɗauki taɓarya ta daka har ta zama gari, ta kwashe ta nufi masai da ita. Ta ce wayar da ke kogon kuka kuma ta ruɓe a can, ba mai sake zuwa kusa da ita.

Washegari Malam ya yi niyyar ya ce ba shi da lafiya. Ya daɗe zaune a kan babur a ƙofar gida bai tayar ba. Amma wanda ya tsaya wa mutum jiya, in aka neme shi yau aka rasa, kowa ya san yadda za a fassara, kuma ba a kansa kaɗai abin zai ƙare ba. Ya kama hanyar Kurfi.

Teburin Ikrima ya fi kullum cika. 'Yan acaɓa sun yi cirko-cirko, masu kai wake da masu zuwa gona kowa riƙe da kan babur, ba mai tafiya. Malam ya sa ƙafa a ƙasa.

"Ya hanya?"

Yau Ikrima ya ɗago kai. "Wallahi Malam, yau ba a ce komai ba. Matan nono sun zo, sun ce su ma ba su ji ba." Ya juya ƙwai, ya sake dubansa. "Kai da kake shiga can kullum, wai don Allah wa ke aiko mana da labarin nan ne?"

Duk suka juyo suna jiran amsar malami. Ya dubi inda hanyar ta shige tsakanin dawa, ganye ya rufe ta ta ko'ina, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka iso shi.

"Ban sani ba," ya ce.

Ya yi bismillah, ya taka giya, ya shiga.